Gicciyen Bakin Burtali

Litinin, 13 ga Mayu
Sun kafa turaku a burtali. Burtalin da shanunmu ke bi zuwa makiyaya tun kafin a haifi kakata! Wai kamfani zai yi titi zuwa wasu sababbin gidaje. Birnin Cluj ya cinye gonar kabejinmu, ya cinye ta masara, yanzu kuma hanyar saniyata Joiana. Wallahi ba za ta saɓu ba.

Alhamis, 16 ga Mayu
Matar nan mai doguwar katanga ta tare ni. Sunanta wai Sanda, ko wa. "Inna Veturia, kashin shanunku fa har ƙofata." Na ce, "'Yar nan, ke kika zo kika tarar da shi." Ta toshe hanci ta shige. 'Yan katanga ke nan, suna son ƙauye amma ban da warinsa.

Lahadi, 19 ga Mayu
Mun zauna bayan coci. Ƙanin mijina Gavril sai cewa yake a haƙura, shanu nawa ma suka rage? Na ce ya rufe mana baki, shi da ya sayar da saniyarsa ya sayi talabijin. Ilarie makiyayi ne ya kawo dabara: a kafa gicciye a bakin burtali, irin na mararraba. Kaf ƙasar nan babu direban da zai ture gicciyen da fitilarsa ke ci. Fada ya ce zai zo ya sa albarka.

Laraba, 22 ga Mayu
An kafa. Katakon da marigayi mijina ya ajiye don ƙofar rumbu na bayar. Zuba wa fitila mai, safe da yamma, ni na ɗauka.

Asabar, 25 ga Mayu
Katafila ta zo! Direban ya sauko, ya cire hula, ya tsaya kallon fitila. Shugabansu na ta masifa. Direban ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ina da 'ya'ya. Hau ka ture da kanka." Na yi dariya har da hawaye. Amma Ilarie ya ce kullum za su riƙa leƙowa, ranar da suka ga fitila a mace za su ce yasasshe ne, su tumɓuke.

Talata, 28 ga Mayu
Gwiwa ta kumbura. Na je dai, da sanda.

Asabar, 1 ga Yuni
Tun Alhamis ko tsakar gida ban taka ba. Ilarie yana can tudu da shanu. Gavril kuwa, gara in mutu da in roƙe shi. Man da na zuba ba zai kai jiya ba. Tsoro nake ji, kuma haushin ƙafar nan kamar in sare ta.

Litinin, 3 ga Yuni
Na ja jiki na je da sassafe. Fitila na ci. Cike take da mai, har an goge gilashin. Ga matar nan mai katanga tsaye da silifas, ƙafa ɗaya dumu-dumu cikin kashin shanu. Ta ce, "Ba don shanunku ba ne fa, Inna. Tirela ce ba na so a gindin tagata." Na ce, "Wa ya tambaye ki?"

Lagwanin ta ja shi da yawa, yana hayaƙi. Na nuna mata yadda ake rage shi.

Ba wai mun shirya ba ne. Kwalbar man dai na bar ta a ƙofar Sanda, don gidanta ya fi kusa. Madarar da na haɗa mata da ita kuma, dama ta yi mini yawa.