Sunan Baba Mai Fenti Ba na Wurin Ajiye Motoci Ba Ne

Cikin alhini da karayar zuciya, da kuma wani ɓacin rai da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Masu Shagunan Layin Kayan Gini take sanar da 'ya'yanta, da abokan cinikinta, da sauran jama'ar gari cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma wanda ya kafa ta, tsohon Shugaban Kwamitin Raya Gari, dattijon arzikin da babba da yaro suka sani da Baba Mai Fenti, wanda Allah ya yi wa cikawa a ɗakinsa bayan doguwar jinya, mai ɗakinsa na riƙe da hannunsa. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Mutuwa rigar kowa ce, ba mu da ja da ita. Abin da muke da ja da shi shi ne abin da wasu masu rai suka yi a ƙofar gidan marigayin, da abin da suke shirin yi da sunansa, kuma za mu zo kansu bayan mun ba dattijon haƙƙinsa.

Marigayin ya fara neman abincinsa ne a kan tsani, yana yi wa mutane fentin gidaje, har ranar da tsanin ya zame da shi ya bar masa ɗingishin da ya raka shi kabari. Da ƙafa ta hana shi hawa, sai ya kafa tebur a bakin wannan layi, lokacin da babu kowa a nan sai ciyawa da wani mai walda, ya jera gwangwanaye yana sayarwa. Teburin nan ne ya zama shago, shagon ya zama mai ƙofa uku da sito a baya da tsohuwar motar dako wadda sai an tura take tashi. Mu da muka zo daga baya, masu ƙusa da masu siminti da masu gilashi da masu famfo, kusan kowannenmu shi ya nuna masa inda zai kafa nasa teburin. Ciniki da shi akwai wuya, wannan mun shaida. Ba ya miƙa wa mutum gwangwani sai ya tambaye shi wane bango ne, rana na dukansa ko yana cikin inuwa, a bushe yake ko yana tsatsafo da ruwa. In ka kuskura ka ce bangon ya tsage, sai ya mayar da gwangwanin kan kanta ya tura ka wajen mai siminti, yana cewa, "Je ka toshe tukuna ɗana, fenti ba ya warkar da tsaga, ɓoye ta kawai yake yi na ɗan lokaci." Da yawa sun fita suna ƙunƙuni, da yawa kuma sun dawo. Babban yatsansa na dama kuwa ba mu taɓa sanin asalin launinsa ba, don da shi yake gwada haɗi a jikin dakalin shago, dakalin da yau babu launin da ba za ka samu a kansa ba.

Shekarun da ya yi yana shugabancin Kwamitin Raya Gari, ba mu taɓa ganinsa da mai riƙe masa jaka ba. Shi ya tsaya aka yashe babbar kwatar da ke mayar da kasuwa tafki duk damina, yana ciki da ƙafarsa mai ciwo. Shi ya tara mu muka sauya rufin ɗakin haihuwa na ƙaramin asibiti. Amma aikin da ya fi shiga ransa shi ne filin da ke bayan layinmu. Masu shekaru sun tuna cewa juji ne a da, mai warin da ke korar mai ciniki tun daga bakin titi. Marigayin ya kwashe shi da motarsa, ya baje ƙasa, ya sa mai walda ya haɗa raga da ragowar bututun ruwa, ya ce yaran gari su zo su yi ƙwallo. Daga nan ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: duk farkon wata, da sanyin safiya, sai ya ɗauki bokitin farin fenti da igiya da burushi, ya ja layukan filin da hannunsa, yana ɗingishi yana duƙawa. Mun sha ce masa ya bar wa samari, sai ya ce layin da samari suka ja kamar tafiyar maciji yake. Yaran da suka fara gudu a filin nan yanzu su ne ke kawo nasu 'ya'yan.

Wannan fili shi ya raba shi da kujerarsa, kuma ya kamata jama'a su san yadda aka yi. Wasu daga cikin 'yan kwamitin sun hango cewa filin ya dace da wurin ajiye motoci, mai shinge da ƙofa da ɗan ɗakin maigadi, don manyan motocinsu su daina shan rana. Marigayin ya ce a'a. Suka sake kawo maganar da sabon suna, wai zamanantar da gari, ya sake cewa a'a. Sai suka jira har aka kwantar da shi asibiti za a yi masa aikin ido, suka kira taron gaggawa, suka yi masa ƙarin girma zuwa muƙamin Uban Kwamiti na Har Abada, muƙamin da ke da kujera mai laushi amma ba shi da ƙuri'a. Suka kai masa allon girmamawa har gadon asibiti, idonsa a naɗe, suka ɗauki hoto. Allon bai yi wata guda a shago ba zinariyarsa ta fara ɓarewa. Dattijon ya kankare da farce, ya duba, ya ce ko shara ba su yi wa katakon ba kafin su shafa. Tun daga ranar allon ya zama abin gwada haɗin launi, yana nan a bayan kanta ga mai son gani.

Waɗannan bayin Allah, da ba wanda ya ga ƙeyarsu duk tsawon jinyarsa ta ƙarshe, su ne suka iso gidan rasuwa cikin jerin gwanon motoci har suka toshe lungu: Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Gari, da Mai Girma Mataimakinsa na Ɗaya, da Mai Girma Mataimakinsa na Biyu, da Mai Girma Babban Magatakarda, da Mai Girma Mai Ba da Shawara na Musamman kan Ƙawata Gari, kowa da hankici a hannu, da mai ɗaukar hoto a gaba yana tafiya da baya kada hawaye ɗaya ya zuba a banza. Sun zo da wani ƙaton ƙyalle da suka buga, suka sa aka rataya a bangon gidan, an rubuta a kai cewa sun yi rashin uba, jigo, abin koyi, wanda ba za su taɓa mantawa da fuskarsa ba. Hoton da ke jikin ƙyallen kuwa ba na Baba Mai Fenti ba ne. Hoton ƙanensa ne, Baba Ƙarami mai gyaran agogo, wanda ke nan da ransa da lafiyarsa, yana zaune a kan tabarma daidai ƙarƙashin ƙyallen yana amsa gaisuwa. Mai Girma Shugaba ya duƙa ya kama hannun Baba Ƙarami da hannu biyu, ya yi masa gaisuwar rashin yayansa, ya ɗaga kai ya dubi hoton ya girgiza kai ya share ido, bai ga komai ba. Mutanen da suka yi shekaru suna zama teburi ɗaya da marigayin ke nan. Abin kunyar da ko kare ba zai ci ba, su sun cinye sun suɗe hannu.

Da abin ya tsaya nan, da mun bar kaza cikin gashinta, don Baba Ƙarami ma dariya ya yi, ya ce a naɗe masa ƙyallen ya ajiye, zai yi amfani in tasa ta zo, ko da yake yana zaton ranar hoton wani za su kawo. Amma Mai Girma Shugaba ya miƙe tsaye a gaban masu makoki ya yi shela cewa, domin dawwamar da sunan marigayin, kwamiti ya yanke shawarar sanya wa sabon wurin ajiye motoci sunan Baba Mai Fenti, kuma katapila za ta shiga filin ranar Litinin. Wato abin da dattijon ya hana da ransa, har ya rasa kujerarsa a kai, shi za a gina a liƙa masa sunansa, don duk wanda ya buɗe baki a ce yana ƙin a girmama mamaci. Mai Girma Shugaba ya ce abu ɗaya ya rage, amincewar iyali. Yayin da yake wannan jawabi, Mai Girma Babban Magatakarda ya ja babbar 'yar marigayin gefe, wadda muke kira 'Yar Baba, wadda ita ke riƙe da shagon tun da ciwo ya kwantar da mahaifinta, ya tuna mata cikin tattausar murya cewa izinin zaman shagonsu ya kusa ƙarewa, kuma ta ofishinsa ake sabuntawa. Shagon nan shi ke ciyar da mahaifiyarta da ƙannenta. Ya san haka, shi ya sa ya zaɓi ranar da idonta ke kumbure.

Ƙungiya tana sanar da jama'a, da izinin iyalan, cewa sun ba da amsa. Mai ɗakin marigayin, uwarmu, wadda ba a cika jin muryarta a waje ba, ta aiko daga cikin gida aka faɗa wa manyan baƙin: "Ku ce musu na gode da zuwa. Da ransa ya ce musu a'a, ni kuwa tun da na shigo gidan nan ban taɓa warware maganarsa a bayan idonsa ba, ba yau zan fara ba." 'Yar Baba kuma ta dubi Mai Girma Magatakarda ta ce, "Ranka ya daɗe, Babana da tebur ya fara, teburin yana nan a sito bai karye ba." Manyan baƙin ba su jira an kawo musu ruwa ba. Mai ɗaukar hoton ma bai ɗauki fitarsu ba.

Don haka wannan Ƙungiya, bayan zaman da ta yi na dukkan 'ya'yanta, take shaida wa Mai Girma Shugaba da duk masu girman da ke bayansa cewa ba ta amince a ɗora sunan ubanta a kan ko da bulo ɗaya na wannan aiki ba. In suna neman suna, ga nasu nan birjik, kowanne da dogon muƙami da zai cika allo. Muna kuma shaida musu cewa ranar da aka hana 'Yar Baba izinin shagonta, ranar kowane shago a layin nan zai share kanta guda ya jera fentinta, daga mai siminti na farko har mai gilashi na ƙarshe, sai mu ga ko za a rufe layin gaba ɗaya. Mun san ba mu da motoci masu baƙin gilashi, mun kuma san yawancinmu ta ofishin nan namu izinin ke bi. Mun yi wannan lissafi kafin mu sa hannu. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba ya tsayawa kallo.

Ga uwarmu mai ɗakin marigayin, da 'Yar Baba da ƙannenta, da Baba Ƙarami, da jikoki da surukai da sauran dangi na kusa da na nesa, muna miƙa ta'aziyyarmu da zuciya ɗaya, muna neman afuwarku da muka sa wannan magana cikin saƙon da ya kamata a ce addu'a ce zalla. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya tsare muku mutuncinku da abincinku, ya raba ku da masu kukan ganin ido. Mu ma marayu ne. Da safe in mun ɗaga ƙofofin shagunanmu, har yanzu kunnenmu na jiran ƙarar sandar da Baba yake motsa fenti da ita a cikin bokiti, kuma ba ma jin ta.

A ƙarshe, muna sanar da masu son yi wa iyalan ta'aziyya cewa layukan filin sun dushe tun da Baba ya kwanta, har yara na gardama kan inda ƙwallo ta fita. Ranar Asabar da sanyin safiya 'Yar Baba za ta fito da bokitinsa da igiyarsa da burushinsa, za mu ja su sabo. Duk mai zuwa ya sa tufafin da ba ya tsoron su ɓaci. Masu manyan riguna ba mu hana su zuwa ba, akwai inuwa a gefe, sai dai muna roƙon su bar mai hoton a gida. Ranar Litinin kuma layinmu ba zai buɗe ba. In katapila ta iso, za ta tarar da mu tsaye a kan farin layin da Baba ya bar mana, kowa da 'ya'yansa, sai Mai Girma Shugaba ya sauko daga mota ya dube mu, ko a cikinmu zai gane fuskar wani.

Sa hannun:
Mai Ƙusa na Shago na Tsakiya,
Kakakin Ƙungiyar Masu Shagunan Layin Kayan Gini,
a madadin shugabanni da dukkan 'ya'yan Ƙungiya.