Kunnen Malam Na Hagu

Malama Seo, don Allah ki ba ni shawara. Abin ya fi ƙarfina, kuma duk wanda zan iya kai wa kuka a garin nan ya san mutumin da nake magana a kansa.

Ni ce shugabar masu goge a ƙungiyar makaɗan birninmu. Kujerata tana gaba, dab da hannun hagu na jagora, kusa har ina jin numfashinsa idan ya ɗaga sandar da yake ba mu umarni da ita. Jagoran namu, bari in kira shi Malam Pyo, shi ya koyar da ni tun ina jami'a, shi ya tsaya mini har na zauna a wannan kujera. Ban da jagoranci yana rubuta kiɗan kansa. Bana ya gama wani da ya daɗe yana fama da shi, don tunawa da mahaifiyarsa, wadda ta shafe rayuwarta tana sana'ar nutso a tekun tsibirin Jeju tana ɗebo katantanwa. Ya gina kiɗan duka a kan fiton nan da mata masu nutso ke yi idan sun taso daga ƙarƙashin ruwa sun saki numfashi. Sarewa ɗaya tak ke yin fiton. Mu masu goge mu ne teku, aikinmu mu kwanta a ƙasa, a hankali, fiton ya riƙa bi ta kanmu. Ranar da muka fara gwada shi sai da na goge ido da hannun riga.

Daga nan abin ya fara lalacewa. Kullum muka zo gwaji sai Malam ya juyo gefenmu ya ce ba ya jin mu. Muka ƙara sauti, ya ce mu ƙara. Ya karɓi takardun kiɗan ya tafi da su gida, ya dawo da su ya soke duk inda ya rubuta a sassauta, ya mayar a danna. Yanzu muna gurzar tsirkiya har gashin izga yana tsinkewa, sarewar kuwa ba a jin ta sam. Teku ya shanye matar.

Na daɗe ina zaton laifinmu ne, sai na fara lura. Na yi masa magana daga kujerata lokacin hutu, bai ko waiwayo ba. Waya ya mayar da ita kunnen dama. Idan muka je cin gasasshen nama bayan gwaji, shi da kullum tsakiyar tebur yake zama, yanzu sai ya zaɓi can ƙarshe, kowa ya faɗo ta damansa. Malama, ina kyautata zaton kunnensa na hagu ya tafi, ko yana kan tafiya, kuma mu ne a wannan gefen.

A gwajin baya ya ajiye sanda a gaban kowa ya dube ni ya ce, "Wai yunwa kuke ji ne a can? Ba haka na koya miki ba." Na miƙe na rusuna na ba da haƙuri, kamar yadda ya kamata. Da muka fito, Yaya Gil-ja mai babban goge, wadda ta girme ni a aikin, ta riƙo hannuna ta ce, "Ke 'yar lelen Malam, ko dai ki yi masa magana ko mu sayo ganga mu raba muku." Dariya ta yi, amma ba wasa take ba. Ita ba ta san abin da na gani ba, don tana zaune ta gefen da yake ji. Mutanena kuma sun fara kallona kamar mai tsoro.

To, wace ce ni da zan ce wa malamina ba ya ji? Ko shinkafa ba na fara ci sai ya ɗauki cokali. Kuma jagoran makaɗa da kunne yake aiki. Bayan wasan da ke tafe ne ofishin ƙungiyarmu zai duba ko za a sabunta masa aikinsa, maganar nan idan ta fita an gama da shi. Idan kuma na yi shiru, wata mai zuwa za a kaɗa kiɗan a gaban jama'a, a naɗe shi, a buga takardunsa yadda ya ɓata su da hannunsa. Ya gayyato tsofaffin da suka yi nutso tare da mahaifiyarsa. Za su taso tun daga tsibiri su zauna a layin gaba, su saurari fiton da ba za su ji ba.

Har na yi tunanin in haɗa baki da mutanena mu sassauta a ranar ba tare da ya sani ba. Mijina ya ce in yi haka kowa ya huta. Ni dai na kasa yanke komai.

Mai kujerar hagu

*

Ya ke mai kujerar hagu,

Bari in fara da dabarar da mijinki ya goya wa baya, don ita ce mafi sauƙi kuma mafi haɗari. Kada ki yi ta. Idan kuka sassauta a ranar, mutumin da dama ba ya jin ku zai ji shiru ɗungurungum daga gefenku. Zai juyo ya yi ta ɗaga muku hannu a gaban jama'a, ku kuna kallonsa kuna ƙi. Abin da kike gudun ofis ya gani, kin nuna wa zaure guda. Kuma kafin ki shawo kan mutanenki sai kin gaya musu dalili, kin ga asirin ya bar hannunki tun kafin mai shi ya ji.

Tsoronki na gaskiya ne, ban raina shi ba. Zai iya yin fushi. Zai iya ɗauke miki kai na wani lokaci, ko ma ya daɗe. Amma ki auna shi da ɗaya gefen. Shirun da kike kira ladabi, kanki yake karewa ko shi? An ajiye wannan kujera kusa da jagora ne domin mai zama a kanta ya faɗa masa abin da sauran ba za su iya ba. Shi ya zaɓe ki a kanta, kuma ya san aikinta.

Akwai abin da kika rubuta da ban ga kin tsaya a kansa ba. Mutumin da ya sauya wurin zamansa a tebur, ya sauya kunnen waya, ya san wani abu yana faruwa da shi. Abin da wataƙila bai sani ba shi ne ciwon ya shiga cikin kiɗan. Wannan labarin za ki kai masa. Ke ba likita ba ce, kada ki sa wa abin suna. Faɗi abin da kika gani: kin yi masa magana daga kujerarki bai amsa ba, kuma yanzu ba a jin sarewa.

Ki nemi ganinsa ke kaɗai, ba a ofis ba, ba kuma bayan gwaji yana gajiye ba. Ki roƙe shi abu biyu. Na farko, ya bar mataimakinsa ya ja wannan sashen sau ɗaya, shi ya koma tsakiyar zaure ya saurara. Masu rubuta kiɗa suna yin haka a kai a kai, babu wanda zai ga baƙon abu, kuma daga can sautin ya riga ya gauraya, kunnen da ke masa aiki zai gaya masa gaskiya. Ki tafi da takardarki ta farko, ta kafin gyare-gyaren, ya gwada biyun. Na biyu, ya ga likitan kunne da wuri. Wasu matsalolin ji suna da magani ko na'ura, kuma jinkiri ba ya taimakon ko ɗaya daga cikinsu. Maganar ofis tasa ce, shi zai yanke yadda zai yi da ita. Yaya Gil-ja kuma ki ce mata za ki yi magana, ki tsaya a nan.

Idan ya saurara daga zaure ya ce haka yake son kiɗansa, to nasa ne, ki kaɗa shi yadda ya ce da zuciya ɗaya. Amma ina shakkar mutumin da ya tashi a bakin ruwa yana jiran wannan fiton don ya san uwarsa ta taso da rai zai yarda a binne shi, in dai ya ji da kansa.

Kada ki bar makon nan ya wuce. Idan kin je, ki zagaya ki zauna ta damansa, ki yi magana a hankali. Ta nan yana ji. Ina yi masa fatan lafiya, ke kuma ƙarfin zuciya, tsofaffin nan su koma tsibiri sun ji muryar ƙawarsu.

Malama Seo