Ranar da Na Kashe Rediyon Baba

Kontagora,
Litinin, 15 ga Afrilu, 1968.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake nema a tsakar ranar bazara, ruwan farko a kan ƙasa mai ƙishi, Yayana Shadrach,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na Kainji. In ka ga rubutuna ya karkace ka yi haƙuri, ba haka Malama Margaret ta koya mana ba. Sau uku ina yaga takarda. Wannan ta huɗu ce, kuma duk yadda ta fito haka za ta tafi, domin Malam Gidaɗo direba, maƙwabcinmu, zai kai kaya wajenku gobe da safe.

Shekaranjiya Asabar na ji katinka a filin zaɓi-sonka. Ka gai da mahaifiyarka, ka gai da ƙanwarka Christiana, da 'yan ƙungiyar mawaƙa na coci, har da tsohuwar da ke sayar muku da kunu a bakin ƙofar ma'aikata. Ka ce kana yi wa kowa ban kwana, ƙarshen watan nan za ka shiga soja, sashen wayar iska. Ina tsaye da faifai a hannu ina jiran sunana, ina cewa yanzu, yanzu, sai mai karanta kati ya sa waƙa. Wayyo ni! Mai kunu ta samu wuri a katinka, ni ban samu ba?

Tun bayan Kirsimeti gaisuwarka ta ɗauke mini, ina makaranta ina ta neman laifina ban gani ba. Sai jiya, bayan sujadar Ista, na daure na tambayi Christiana labarinka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da kike kashe rediyo in an kira sunan yayana, me kuma kike tambaya?" Ta ce da idonta ta gani lokacin hutun Kirsimeti, kuma ta rubuta maka. Amsar ba tata ba ce. Kai zan faɗa wa.

Ka tuna ranar da Baba ya aike ni rumfarka ta kasuwa da rediyonsa da ya daina magana, tun kana gyara kafin ka samu aikin madatsa? Ka buɗe bayansa kana ta bayani, ni kuwa idona na kan yatsun ƙafata. Ka ce muryoyin Kaduna da Ikko da ƙasashen da ba mu taɓa gani ba suna ratsa rumfar a lokacin nan, suna ratsa bango, suna ratsa ni da kai, kamar igiyar ruwa amma ba a ganinta, akwatin nan kama su kawai yake yi. Ka ɗaura waya a kan gora ka ɗaga sama, ka ce in murɗa da kaina. Na murɗa, ya yi ta shuu, can sai murya ta fito tas. Na yi dariya ban shirya ba, kai ma ka yi. Daga ranar nan zuciyata ta tsaya a tasha ɗaya, ya farin watana, kuma ba ta sake motsawa ba.

Da za ka tafi ka ce wasiƙa ba za ta yiwu ba, a makaranta shugaba tana buɗewa, a gida kuma ta hannun Baba take biyowa. Ka ce ta iska za ka riƙa zuwa mini. Ka cika alkawari. Sau biyar na ji sunana a zauren cin abinci, 'yan ajinmu suna buga tebur suna kirana amaryar Kainji, ina rufe fuska da littafi. Ban mayar maka da kati ko ɗaya ba. Na saya, na rubuta, suna nan a cikin littafin kimiyyata. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Amma na shida a gida ya same ni. Muna tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, Baba na kan kujerarsa, gwaggonnina biyu na nan, Christiana ta zo aron turmi. Sai aka ce Shadrach daga Kainji yana gai da Fure 'yar Andarawus, wadda tunaninta ke hana shi cin abinci. Baba ya ɗago kai. Yayana, ya zan yi? Yarinya ta zauna a gaban mahaifinta tana sauraron ana faɗa wa Arewa duka cewa wani na sonta? Hannuna ne ya riga ni, na murɗe rediyon Baba na kashe shi, na tashi da gudu. Abin da Christiana ta gani ke nan. Ba ta ga inda na nufa ba. Bayan rumbu na je, inda katangarmu ta haɗu da ta Malam Gidaɗo, domin nasa rediyon ba ya hutawa ranar Asabar. Na manna kunnena a jikin katanga na ji sauran katinka, na ji waƙar da ka zaɓa mini har ƙarshe, ina kuka ina murna, tururuwa suna cizon ƙafata ban motsa ba.

Kai da ka san sirrin abin nan fiye da kowa, yaya aka yi ka manta? Kashe akwati ɗaya ba ya hana saƙo isa. Malama Margaret ta ce igiyar nan da gudun haske take tafiya, tana bugun can saman sama ta dawo ƙasa, shi ya sa gajeren zango ke kaiwa nesa. Ta ce a manyan asibitoci har injin gasa gwiwa ake yi da ita, ta shiga cikin jiki ta ɗumama wurin da ke ciwo ba tare da ta ƙona fata ba. Haka muryarka take mini, ya maganin ciwona. Da ka zo ganin gida, kai ka ba ni labarin matar nan ta Zugurma da haihuwa ta zo wa da gardama, ka zauna kan oba-oba, na'urar kira ta ma'aikatarku, kana kira har likita ya amsa, aka cece ta da jaririnta. Wadda ba ka sani ba ka yi ta kira dominta ba ka gaji ba. Ni kuma daga shiru ɗaya sai ka ajiye?

Yau na kai kati gidan waya da ƙafata. Na rubuta sunana cikakke da na Baba, na rubuta naka, ban ɓoye komai ba. Amma ka san yadda katuna suke layi, sai sun yi mako biyar ko shida kafin a karanta, kai kuma saura kwana goma sha biyar. Ranar da za a kira sunanka daga bakina, ban san a wane daji za ka kasance ba, ban san ko za a bar ka kusa da rediyo ba. Tunanin nan ne ke tsinka mini zuciya kamar zaren da ya tsufa.

Ba zan ce ka fasa tafiya ba, ba ni da wannan iko. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka tafi bakin daga da zaton na ƙi ka. Ka biyo ta Kontagora ko na yini ɗaya ne, ka shigo ta ƙofar gida ka gai da Baba, ni zan kawo maka ruwa da hannuna ko da rabinsa zai zube. In kuma hanya ba ta ba ka ba, ka aiko da layi biyu ta hannun Malam Gidaɗo.

Ɗazu da safe na durƙusa na faɗa wa Inna sunanka da bakina. Ko ɗagowa daga tankaɗenta ba ta yi ba. Ta ce ai tun Kirsimeti gidan nan kowa ya sani, har Baba, domin yarinyar da ba ta so zama take ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ashe kai kaɗai ne ba ka sani ba.

Ubangiji ya tsare mini kai, ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Ko yaƙin nan ya kai shekara nawa, a nan za ka same ni, ban saurari kowa ba.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai,
Fure Andarawus.