Karyar da Baba Ya Zaɓa

Lahadi, 6 ga Maris, 1994

Na dawo daga coci na tarar an kwashe mini kaji huɗu. Da rana tsaka, kuma Baba yana zaune a gindin mangwaro. Wai bai ji komai ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana farauta a dajin Lau! Tun da Mama ta rasu a Disamba na dawo da shi wajena nan Sintali, ba abin da yake yi sai kallon jakarsa da ya ƙi kwancewa. Kullum maganar ɗaya ce: "Bayan Ista zan koma Lau." Ya koma wajen wa? Wa zai dafa masa? Yaya Joseph yana Kaduna, aikinsa aiko wasiƙa da ayoyi, ni ce zan ɗauki gawa in ta faru.

Talata, 8 ga Maris

Kare zan nema. A ofis an ce akwai wani Malam Yuguda a unguwar Kachalla Sembe, tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi, yana tara karnukan da ma'aikata suka watsar in an yi musu canjin wurin aiki.

Asabar, 12 ga Maris

Mun je. Ban so zuwa da Baba ba, shi ne ya saka takalmi ya biyo ni. Karnuka tara a bayan gida cikin shingen waya, ga wari. Idona ya faɗa kan wani ƙato mai tsayayyun kunnuwa, irin na 'yan sanda, wai wani injiniya ne ya bar shi. Haushi ɗaya ya yi na ji har cikin ƙirjina. Na ce shi nake so.

Sai Baba ya shiga shingen ya zauna a ƙasa, da wandonsa mai kyau da na goge da hannuna. Bai kira kowa ba. Duk suka zo suka shinshina shi suka watse. Wata ramammiyar karya mai yankakken kunne ta zo daga ƙarshe, ta kwanta kusa da ƙafarsa, ta juya masa baya. Ya ce, "Keziah, wannan ne. Wanda ya duba fuskanka, abinci yana nema. Wanda ya ba ka baya, yana duba maka hanya."

Na ce Baba, ni ɓarawo nake so ya ji tsoro, ba ya ji tausayi ba. Malam Yuguda ya ce, "Madam, ki ji maganar tsoho." Gidana ne. Na ɗauki ƙaton.

Lahadi, 13 ga Maris

Ya ƙi tuwo. Kare ya ƙi tuwo a gidana.

Laraba, 16 ga Maris

Shinkafa da romo yake so, ni kuwa mai buga tafireta ce, ba injiniya ba. Haushi yake yi wa kowa, har Kadijatu maƙwabciyata ta daina shigowa ɗiban ruwa, ta aiko a gaya mini abin bai yi mata daɗi ba. Baba yana zaune yana kallona kawai. Kallon nan nasa ya fi zagi ƙona mini rai.

Juma'a, 18 ga Maris

Na dawo daga aiki na tarar karen ya tsinke igiya, ya kashe kazar da ɓarayi suka rage mini, ya ture Baba a bakin ɗaki. Gwiwarsa duk jini. Ina wanke ciwon ina faɗa, da karen, da Joseph, da Baban kansa. Abin da ya ce kawai: "Ista ya kusa." Na shiga ɗaki na yi kuka don haushi. Tsoro ma na ji, gaskiya.

Asabar, 19 ga Maris

Na mayar da karen. Na shirya amsar da zan ba Malam Yuguda in ya yi mini dariya, bai yi ba, wannan ma ya ba ni haushi. Ya nuna mini karyar a kwance daidai inda Baba ya zauna makon jiya. Ya ce nan take kwanciya tun ranar. Ban sa mata igiya ba, bina ta yi har Sintali, mutane suna kallona da wannan ƙashi da fata.

Alhamis, 24 ga Maris

Mummuna ce har yanzu. Baba yana cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya yana yi mata hira. Ni wata uku ban samu hira irin wannan ba. Kuma rabin tuwonsa yake ba ta, dole ya ci sauran rabin don ta ƙi ci sai ta ga ya fara.

Litinin, 4 ga Afrilu

Ista ta wuce jiya. Da safe na ga Baba ya jawo jakarsa tsakar gida, na tsaya da tsintsiya a hannu. Ya kwance ta, ya ciro addarsa, ya tura jakar ƙarƙashin gado. Wai zai saro itace ya yi wa karyar rumfa kafin ruwan sama ya sauka, kuma in an shiga damina sai ya ga yadda rufin zai yi.

Har yanzu ban ga amfanin karyar ba, ko haushi ba ta cika yi ba. Da rana na ƙara gari a tukunya. Hannuna ne ya zarce.