Shurin Ɗan Cikinki

Ƙanwata Mubina,

Assalamu alaikum. Ya nauyin jiki? Ya Inna da mutanen Runka? Allah ya zaunar da ku lafiya.

Kin ce ɗan cikinki ya hana ki sakat da shuri. Ki gode wa Allah. A makarantarmu muna binciken ƙwan kaji, kuma ɗan tsakon da aka hana motsi cikin ƙwai, gaɓoɓinsa a sandare suke fitowa. Haka kifi, haka mutum. Wannan shurin, gwiwoyinsa yake ƙerawa da kansa. Ikon Allah ke nan.

Ni lafiyata lau, sai sanyin ƙasar nan, da ɗaki shiru, ba mai ko ƙwanƙwasa ƙofa. In ya sake shurinki, ki ɗora hannu a wurin a madadina.

Allah ya raba lafiya.

Yayarki,
Zuwairatu