Kasona a Gadonki

Zulai,

Sallama gare ki a inda kike kwance. Allah ya haskaka makwancinki, ya sa kin huta. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ba ki son karanta rubutuna, kin ce ƙanana ne kamar tururuwa. Amma kin san halina, abin da ban rubuta ba sai in ji kamar bai gama faruwa ba. Kuma maganar nan ba ni da wanda zan faɗa wa a Gumel bai yi murmushi ba.

Bari in fara da gida. Ummi da Abba lafiya lau. Ummi ce ke yi mana tuwo yanzu, gishiri yana yawa a miyarta, ba na faɗa. Abba ya daina tambayar yaushe za ki dawo daga Kano. Inna, mahaifiyarki, tana nan, ciwon ƙafa ne dai. Tukunyar iskar da kike shaƙa na mayar wa masu ita. Ta bar zagayen tsatsa a simintin ɗaki, na goge na gaji, bai fita ba.

Shekaranjiya aka raba gadonki. Maganar da na zo da ita ke nan, amma sai na koma baya tukuna, don akwai abin da ban taɓa gaya miki ba.

Kin tuna ranar da likitan Kano ya ce ba asma ba ce? Mun daɗe muna sayen abin fesawa a baki, muna jiƙe-jiƙe, ke kuwa tsakar gida kawai za ki share sai kin dafa bango, leɓunanki sun yi duhu. Ya ce hawan jini ne, amma ba irin na Inna ba, na huhu ne. Hanyoyin da jini ke bi a cikin huhu sun tsuke, zuciya tana ta turawa har ta gaji. Ya ce ba a warkewa, sai dai a riƙe shi da magani. Ya rubuta mai sa fitsari saboda kumburin ƙafa. Ya rubuta mai tsadar nan da muka fara muka kasa. Sannan ya rubuta sildenafil, ya ce wannan kam safe, rana da dare, kada a yi fashi. Da kika fita, sai ya tsayar da ni ya ce in shirya, domin ƙwayar nan ita ce dai wadda ake saya da sunan maganin ƙarfin maza. Aikinta buɗe hanyoyin jini ne, shi ya sa take taimakon huhu.

Ban gaya miki ba. Na san ki, da kin ji da kin daina sha. Shi ya sa nake yar da kwalin tun a hanya. Babbar ƙwaya ake samu a Gumel, sai in raba ta da reza yadda likita ya nuna mini, in zuba miki a gwangwani. Kina yabona wai na iya tsari.

Kin san bencin ƙofar kemis ba ya rabo da mazauna. Da farko ba wanda ya tanka. Da suka ga duk wata ina zuwa, kuma ba ɗaya ko biyu nake saya ba, sai aka fara ce mini ango. Mai kemis ɗin kansa, yaron da na girme wa nesa, ya ce Malam Hadi a riƙa sassauta wa Hajiya. Rannan na kasa daurewa na tsaya na yi bayani. Na ce ciwon huhu ne, na ce don matata nake saya. Wani ya ce ai kowa ma don matarsa yake saya. Dariyar da suka yi, har mai rake a tsallaken titi ya taya su bai san dalili ba.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Maganar ta shiga gidaje, ta zama wai ni ne nake ƙarasa ki. Mace ba ta iya numfashi, miji yana ɗirkar ƙwaya. Har yayata, Yaya Asabe, ta zo ta tsare ni a zaure tana kuka, wai in ji tsoron Allah. Sai da na nuna mata takardar likita. Ke kuwa kina ciki a jingine da filo, ko kwanciya sosai ba ki iya yi. Ta yaya mutum zai kalli macen da ke hutawa tsakanin loma da loma, abin da zai zo masa a rai ke nan?

Ga kuma tsada. Duk zuwan da zan yi an ƙara, wai dala ta tashi. A kasuwar Maigatari akwai mai araha, an baza a faranti cikin rana, kwalaye da hoton doki da na damisa. Na sha tsayawa a kansu. Likita ya ce ba wanda ya san abin da ke cikinsu, sai in wuce. Babur ya tafi. Gonar hanyar Ɗanzomo ta tafi jingina. A ƙarshe ke da bakinki kika ce a sayar da saniyarki da ke hannun Fulani a Sule Tankarkar, a sayo mai yawa a Kano inda ya fi sauƙi, mu huta na wasu watanni. Na sayo. Kwalin farko ma ba ki ƙarasa ba.

Yanzu ki ji abin da ya fi tsaya mini a rai. Ranar addu'ar uku, ana tashi daga tabarmi, Kawu Ila ya ja ni gefe. Ƙanin mahaifinki, mutumin da ya ɗaura mana aure. Hannun da ya gama shafa fatiha da shi ya ɗora a kafaɗata, ya rage murya, wai ya ji an bar magani da yawa, tunda mai sha ta tafi kada a bari ya lalace. Mai sha ta tafi, Zulai. Ashe sun san ke ce mai sha. Ashe tun can sun yarda da bayanina, dariyar ce kawai ta fi musu daɗi. Bayansa mutum nawa suka zo, kowa da tasa hanyar. Wani wai na abokinsa ne. Wani ya kawo gudummawar gero kwano ɗaya ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ni kuwa na riga na san inda zan kai shi. Hassana ta Gagarawa, wadda kuke zama benci ɗaya a asibitin Kano, kuna waya kuna kwatanta kumburin ƙafa. Ciwonku ɗaya. Na kira asibitin na tambaya, aka ce maganinku ɗaya, awonku ɗaya. Na kuma ji cewa nata ya yanke.

Sai ranar rabon gado. Malam Yunusa ne ya zo rabawa, yayanki Sale ya zauna a madadin Inna. Aka fito da keken ɗinkinki, da zannuwa, da kwanuka, aka ambaci awaki da karsanar da saniyarki ta bari. Ana shirin yin ƙima sai Yaya Sale ya ce saura magani. Wai da kuɗin saniyarki aka saya, don haka dukiyarki ce. Wai har ya samo mai saye a Maigatari, wanda zai sayar ɗai-ɗai wa fataken shanu ranar kasuwa, kuma da riba. Na ce sadaka zan yi miki da shi. Na kalli Malam ina jiran ya tsawata masa. Sai Malam ya ce maganar Sale tana kan hanya. Abin da aka saya da dukiyar mamaci gado ne, kuma ba ni da ikon yin sadaka da haƙƙin yara ko na Inna. Hanya ɗaya ce, in ɗauke shi a cikin rubu'ina na miji.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi jim. Karsanar nan na sa wa rai, in sayar in mayar da babur, in daina zuwa aiki a ƙasa. Da aka yi ƙima, maganin ya cinye kusan duk kasona. Na ce na ɗauka.

Kin san abin da yayanki ya ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kayanki na shimfiɗe a gabansa? Wai shi dama ya sani, amma in daure a yi arba'in kafin in nemo wadda zan gwada a kanta. Wasu suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Malam ya ce subhanallahi, a yi shiru. Na ƙyale shi. Har yanzu ban sani ba ko haƙuri ne ko tsoro.

Jiya muka hau mota zuwa Gagarawa, ni da Yaya Asabe. Ita ta ce za ta raka ni, ita ta rungume ledar har can. A hanya na ce mata ta damƙa wa Hassana hannu da hannu, kuma ta gaya mata ta ɓoye, kada mijinta ya san inda yake. Ta shiga ciki, ni na zauna a zaure da mijin, Malam Buba. Ina ta kallon idonsa ina jiran in ga irin kallon nan. Ban gani ba. Mutum ne ramamme, ya sayar da shanun nomansa duka biyu. Ya ce da kuɗi suka ƙare ya mayar da ba ta maganin sau ɗaya a rana, daga baya kwana bi kwana, daga baya babu. Ya tambaye ni me suke ce mini a Gumel. Na faɗa masa. Ya ce shi angarma suke ce masa. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Daga inda nake zaune ina jiyo numfashinta ta bayan katanga, irin naki sak.

Kin ga abin da suka mayar da ni? Na tafi da zargi gidan mutumin da ya sha abin da na sha. Ƙyamar ta shige ni har ba na iya kallon namiji ban fara tuhumarsa ba, kuma ban san ranar da za ta fita ba. Yaya Asabe ta ce ba ta ma isar da saƙon ɓoyewar ba. Ta ce kafin su gama gaisawa Hassana ta ɓare ɗaya ta gutsura da haƙori ta haɗiye, ko ruwa ba ta jira ba.

Idan an bi a hankali zai kai ta kaka. Bayan nan ban sani ba, Malam Buba ma bai sani ba. Na yi daidai, Zulai? Ko watanni kawai na saya mata da kasona, kamar yadda kika saya wa kanki da saniyarki ba ki ci ba? Na juya abin ta kowace fuska, ban ga wata hanyar da zan iya kwana da ita ba.

Yau da hantsi Kawu Ila ya dawo. Ya ji cewa maganin ya zama nawa halak malak, ba sauran haƙƙin kowa. Ya zauna, ya tambayi yara, ya yi miki addu'a mai tsawo, sannan ya ce to yanzu fa. Na ce masa yana Gagarawa, wata mata mai ciwon huhu tana sha. Ya daɗe yana kallona. Sai ya girgiza kai ya ce inna lillahi, da muryar da ya yi mini ta'aziyyarki da ita. Na raka shi har ƙofa, don kawunki ne. Na dawo na wanke kofin da ya sha ruwa.

Ki huta, Zulai. Inda kike ba a haki, ba a sayen numfashi. Allah ya gafarta miki, ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Hadi, baban Ummi