Ba Ciwon Ne Ya Dawo Ba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma alhamdulillahi.

Saƙonki ya iso, duk da kuka da majina. Tun kina ƙarama nake faɗa miki, mace ba ta gina magana a kan ji-ta-ji-ta, ko da daga bakin ubanta ta fito. Eh, na koma zuwa asibiti, kuma na hana Babanku shiga ɗakin likita tare da ni. Amma wa ya ce masa kansar mamar ce ta dawo? Shi ya zauna a benci ya yanke wa kansa hukunci, ya bi ku ɗaya bayan ɗaya yana tayar muku da hankali.

Yanzu ya hana ni ɗaga ko bokiti. Jiya ya ce shi zai yi guga, ya ƙona min mayafi. Ya rame, ba ya cin abinci, sai kallona yake kamar wadda za ta hau jirgi. Ki natsu, lafiyata ƙalau.

Mahaifiyarki.

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan zazzaɓin ƙaramin naki ya sauka. Tun da kin rantse sai kin kira likitata da kanki, gara ki ji daga bakina. Ke ma mace ce, kada ki karanta a gaban mijinki.

Ƙwayar da nake sha don kada kansar ta dawo, ita ta haɗu da ɗaukewar al'ada ta busar min da gaba. Raɗaɗi da ƙaiƙayi, ko zama a kujera azaba ne, balle sauran abin da kika sani. Na daɗe a haka. Duk zuwanmu asibiti Babanku na gefena, kafin in buɗe baki ya ce “ai lafiya lau take, likita.” Ta yaya zan faɗa? Sai ranar da likitar ta tura shi karɓo magani, ta rufe ƙofa, ta tambaye ni kai tsaye.

Man shafawa bai wadatar ba. Maganin sinadarin mata kuwa ta ce sai da taka-tsantsan ga mai irin ciwona. Shi ne ta kawo zancen hasken leza: wani siririn ƙarfe ake sawa na 'yan mintuna, ɗumi-ɗumi kawai na ji, ana yi a huta makonni a sake. Ba ta ɓoye min ba, ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, masana ma ba su gama tantance shi ba. Ni dai na fara samun sauƙi.

Kin ce in gaya wa Babanku. Yarinya, shekarun aurenmu sun fi naki a duniya, ban taɓa furta masa sunan wurin nan ba.

Mahaifiyarki.

Auta,

Ina gaishe ku duka. Na faɗa masa. Na same shi ne a falo yana tattara hotunana a cikin kwali, na ga idan na ƙara yin shiru ni zan yi takaba. Na juya masa baya, na fuskanci labule, na zayyane komai.

Can sai na ji dariya haɗe da shessheƙa. Wai duk tsawon lokacin nan da nake kwana a ɗakinki, ya ɗauka minsharinsa nake gudu. A zama ɗaya ya cinye abincin rana da na dare. Yanzu shi ke kai ni, ya jira a mota da rediyonsa, in maƙwabta sun tambaya ya ce haƙori muka je gyarawa.

Ki ɗauki darasi: kunya ado ce, amma ba a gaban likita ba.

Yaran da kike shirin turo mana hutu, ki riƙe abinki tukuna. Ni da Babanku muna da hirar da muka daɗe ba mu yi ba. Kuma ki rufe bakin nan, daga nan ina hango murmushinki.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki.